Lamba ta Ɗari Huɗu da Tara

An liƙa sunaye a bangon ofis ranar Talata.
Na sa yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.
Babu Barau.
Na sake bi daga ƙasa zuwa sama,
ko idona ne ya yi tsallake.

Gida ɗari da ashirin a bayan Kabusa,
rufin kwano shuɗi, ɗaki biyu da falo.
Talatin da bakwai a cikinsu ni na yi musu filasta.
Na san wanda bangonsa ya ɗan karkace,
na san wanda aka yi wa rowar siminti,
na san inda ɗan yatsana ya fashe
jinin ya shige cikin yashi, muka shafe.

Suka ce gidan talaka ne, biya kaɗan-kaɗan.
Na sayar da keken ɗinkin Ladidi na sayi fom.
Yarinyar da ke kan tebur ba ta ɗago kai ba:
Ina shaidar zamanka a nan?
Na ce shekara ashirin da shida.
Ta ce a takarda.
Na ce rasit ɗin hayata yana ƙarƙashin ɗakin
da katafila ta take a Mpape,
tare da katifa da tukunya biyu.
Ta ce na gaba.

Yanzu Masaka nake kwana.
Kafin kiran assalatu ina bakin titi,
rabin kuɗin yini motar haya ke cinyewa,
ina shigowa birnin da na gina
kamar baƙon da bai san masauki ba.

Jiya na iske Baba Shekwolo zaune kan kwalbati,
sandarsa tsakanin gwiwoyi.
Ya nuna min gida na goma sha shida da leɓe:
Nan rumbun doyata yake.
Can, inda tankin ruwa, kakata ke kwance.
Shi ko fom ɗin ma ba a sayar masa ba,
wai ya tsufa da biyan bashi.

Sai na ji kunya ta kama ni.
Ni da nake kukan shekara ashirin da shida,
ga wanda aka binne cibiyarsa ƙarƙashin falon wani.
Idan layi ne, Baba, kai ne gaba,
sai Talatu mai shara a asibiti,
sai direban nan Okon da 'ya'yansa biyar
da suka iya Gbagyi fiye da harshen ubansu,
sannan ni.
Ban ce a kori kowa ba.
Abuja kasuwa ce, kowa da abin da ya kawo shi.
Amma ko rabon naman suna ake yi
maƙwabcin da hayaƙi ya shiga idonsa
ba shi ake mantawa ba.

Masu sunayen fa?
Wani yana Legas, wani ƙasar waje,
wani sunansa uku, hula ce kawai yake canzawa.
Sun zo da la'asar, gilashin mota a rufe,
sun ɗauki hoto, sun datse kwaɗo, sun tafi
jiran ranar da kuɗin haya zai yi ƙiba.

Wata na biyar ke nan.
Ciyawa ta kai taga.
Ƙadangaru ne suka tare, ba su cika fom ba.
In dare ya yi, fitila ɗaya ce ke ci,
ta maigadi, shi ma a ɗan akurkin bakin ƙofa.

Takardar lambata tana cikin aljihu,
gumi ya cinye sifilin tsakiya.
Ladidi ta daina tambaya.
Gobe akwai aiki a Lokogoma,
wani sabon rukuni, an ce na talakawa ne.
Na wanke cokalin filastata.