Sukol

Shekara arba'in ina gyartai a Ƙofar Guga,
da basilla, da zare, da ƙwaryar da ta tsage,
ban taɓa jin cewa a ƙasar ƙanƙara
da sunan mazubi ake gaisawa ba.

'Yar farina ce ta zo hutu daga Nowe,
inda take jinyar tsofaffin masunta.
Tsarabata rigar sanyi wadda ba zan sa ba,
da ɗan akushin itace, fari kamar ƙashi.
Ta ce, Baba, sukol suke kiransa,
kuma shi suke ambata
in za su kai abin sha baki.

Na ce, akushi?
Mutum da gemunsa ya ɗaga hannu ya ce akushi?
Ba barka, ba ranka ya daɗe?
Ta ce, akushi kawai.
A da, in sanyinsu ya haɗiye rana wata biyu,
zaure ɗaya, wuta ɗaya, mazubi ɗaya
yana zagaya hannuwa.
Wanda ya sha a bayanka ya yarda da bakinka.

Lawandi mai faci, da zance ba ya wuce shi,
ya leƙo da hannu duk baƙin mai:
Ni na ji da ƙoƙon kan abokan gaba suke sha!
Ta yi dariya har mayafinta ya zame.
Ta ce tuntuɓen mai fassara ne,
an ce ƙaho, shi ya ji ƙoƙon kai,
ƙazafin ya bi su kaka da kakanni.
Na ce, Lawandi, mu ma ƙoƙo muke ce wa na sha da na wuya,
ka taɓa ganin an dama fura a kan wani?

Ta ce zagaye-zagaye suke yi.
Akwai na gumakansu. Na ce wannan na bar musu,
da shi da giyar zumarsu.
Akwai na alwashi, namiji ya dafa ƙaho
ya faɗi abin da zai aikata kafin baɗi,
duk zauren shaida ne, ba janyewa.
Sai na waɗanda suka riga mu kwanta dama.
Amma da sharaɗi, in ji ta:
ka dubi idon mutum kafin ka kurɓa,
ka sake dubansa in ka sauke.

Nan basilla ta tsaya a hannuna.
Shekara talatin da ɗaya ban kama sunanta ba.
Ke. Waccan. 'Yar gidan nan.
Haka ubana ya yi wa yayana,
ban kuwa ji an ce bai so shi ba.
Na fi sanin takunta a soro
da sanin fuskarta.

Da la'asar ta dama fura a farin akushin,
da nonon da Fulanin hanyar Jibiya ke kawowa.
Ta kurɓa, ta miƙo da hannu biyu,
ta ce, wannan na Inna ne.
Ba ta nan ranar da muka kai Talatu.
A waya ta ji, can, cikin dare mai rana.

Addu'a ke isa kabari, ba fura ba,
na sani, na kuma yi.
Na yi bisimilla.
Sannan na ɗago.

Ashe idon Talatu ne a fuskarta,
har da ƙanƙancewar na hagu in kuka ya taso.
Shekara talatin da ɗaya yana cikin gidana.

Ta koma bayan Sallah.
Akushin bai jure zafin Katsina ba,
bazara na shigowa ya tsage daga baki.
Itacen ya fi duma taurin kai,
sai da na karya basilla biyu.
Ɗinki bakwai na yi masa.
Yana ɗiga kaɗan, a ciki nake sha.

Sunan dai har yanzu ban faɗa ba.
Jiya ta kira, na ce, ke ce?