Minti Ashirin a Lincoln

Alƙalai uku, babu wanda ya taɓa taka kicin ɗinmu.
Daga takarda suke karanta daren,
shafi na ɗari biyu da tara:
bindigar farauta, harsashi guda,
Eldon Vondra kwance gefen firij.
Baba ke nan.

Lauya ya miƙe, agogo na cin lokacinsa.
Ya ce mutum sha biyun da suka kama Mama da laifi
ba a bari sun ji kiran da ta yi wa 'yan sanda ba
tun bara waccan,
haƙarƙari biyu a karye.
Ni na ji. Ni na riƙe mata wayar.

Ba a kawo ta ba.
Tana kurkukun York, tana ninke zannuwan gado.
Masarar da Baba ya shuka, maƙwabci ya girbe.

Wai hukunci sai bayan wata huɗu.
Na fito, ƙanƙara ta lulluɓe mota.
Ina kankare gilashi da katin banki,
bakina ya kasa zaɓar addu'a.
Kabari ɗaya gare ni a Wilber,
kujeru biyu babu kowa,
ɗaya ce kawai kotu za ta iya cikawa.