Mai Turi Daga Baya

Shekara huɗu ina tara kuɗin aya,
jika bisa jika a gwangwanin madara,
har ran da Nomau dillali ya yi kira:
"Kaya sun sauka daga Kwatano jiya,
zo da idonka, kar ka aiko yara."

Na iske su biyu a gindin bedi.
Ɗaya fara, ƙarama, sumul kamar ƙwai,
ƙafafun gaba ke janta, in ji Nomau,
ba ta shan mai, sai dai ta lasa.
Ɗayar dattijuwa ce ruwan ƙasa,
ƙofarta ta hagu sai an ɗaga take rufuwa,
ƙarfinta duka yana can a ƙugu,
turi take, irin na ɗan baro a kasuwa.

Barira ta ce farar za a saya.
"Kai da za ka kai ni suna unguwar Zariya,
ka kwaso yara in an tashi lakwal,
me ya haɗa ka da wannan akwala?
Ko jaki ai gaban amalanke ake ɗaure shi."
Na buɗe baki, na rufe.
Ban taɓa ganin jaki yana turi ba.

Ilu makanike bai tanka ba tukuna.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
tafin ƙafarsa kaɗai nake gani.
Ya fito da baƙin mai har gwiwar hannu:
"Ina za ka riƙa zuwa da ita?
In gudiro ne, nan zuwa Tibiri,
ɗauki ta Barira ka huta.
In ƙauye za ka, ka ɗoro buhu takwas,
farar za ta ɗaga hanci kamar raƙumi,
ƙafafun gaba su yi ta susar ƙasa.
Ran da kardan ya fara ƙas-ƙas a kwana,
ni da kai za mu saba."

Na kwana uku ina juyi.
Ta huɗu na zazzage gwangwani,
na shigo gida da dattijuwa.
Barira ta dube ta, ta dube ni,
ta ci gaba da tankaɗe.

Talata na nufi wajen Safo, ba kowa ciki,
ina jin kaina kamar mai gari.
Na wuce wasu mata biyar da kayansu a ka,
sun ɗaga hannu, na yi kamar ban gani ba.
Ban yi nisa ba yashin Gulbi ya riƙe ni.
Na taka, ta yi kuka, ta watsa rairayi,
bayan ba nauyi, sai rawa yake,
tana haƙa wa kanta rami.

Ina tsugune suka cim mini.
Babbarsu ta sauke tukunya, ta leƙa:
"Yaro, yunwa take ji, ba ka gani?
Mu ma in kai ba kaya, tafiya ba ta daɗi."
Kunya ta kama ni har wuya.
Na buɗe musu. Suka shiga da zogale,
da tukwane, da akuya mai jego,
da buhun gero na wata Tabawa.
Ƙugu ya zauna. Na taka a hankali.
Ta yi nishi sau ɗaya, ta kama ƙasa,
ta fito kamar ba ita ba.

Har yau Barira na lissafin mai,
kuma lissafinta daidai ne.
Farar tana hannun wani likita,
mukan haɗu a danja, ya riga ni tashi.
Ni dai tun daga ranar
in na fita gari, ina duban gefen hanya.
Jiya ma an bar mini kashin akuya a kujera,
da ƙullin daddawa, ban san ta wa ba.