Gola Ya Koma Fatsa

Shekara tara ina tsare wa yaran Agege raga.
In mun ci, mu goma sha ɗaya ne.
In an ci mu, ni kaɗai ne:
"Ɗanliti ya yi barci!"
Har mai rake na bakin fili ya haddace sunana
ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna.

Yanzu ran Lahadi, da an sallame Asuba,
keken ɗinki na lulluɓe, almakashi na hutawa,
sai in ɗau gora da gwangwanin tana,
in bi danfon farko zuwa Oworo,
in gangara inda gada ta tsoma ƙafafunta a ruwa.

Can sama motoci na ruri kamar 'yan kallo,
amma babu mai kiran sunana.
Babu usur, babu koci mai kumfar baki,
babu wanda zai ce na fito da wuri
ko na makara.
Guntun silifa ne alƙalina,
yana yawo bisa ruwa mai warin gishiri da man jirgi.
In ya nutse, an fara wasa.
In bai nutse ba, ba a ci kowa ba.

Mama Senami takan wuce a kwalekwalenta,
kwandon ƙaguwa a gabanta, jika a baya.
Ba ta jin Hausa, ba na jin Egun.
Ta ɗaga filafili, in ɗaga gora,
mun gama hira.

Sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Ban musa ba.
Amma yana ɗaukar gora,
kuma gora ba ta taɓa ce mini
"Kai ka jawo mana" ba.

Na kama leda, na kama takalmin yaro,
na kama tsumma mai nauyi har zuciyata ta buga.
Na yi dariya ni kaɗai.
Wannan birni da ba ya barin mutum ya ji tarin kansa,
a nan na fara jin numfashina.

Sai dai kar in yi ƙarya, ruwa na jina.
Ranar da tarwaɗa mai kaurin damtse ta haɗiye ƙugiya,
muka ja, ta ja, gora ta lanƙwashe kamar baka,
har na kayar da ita bisa laka,
na juya da ihu a bakina,
hannu a sama,
ina jiran wanda zai ɗane bayana.
Babu kowa.
Balbela ce kawai, ita ma ta kau da kai.

Nan na tuna Gambo Dogo,
yadda ya saɓa ni a kafaɗa
ranar da na ture fenaritin 'yan Mushin,
da ruwan leda guda da muka tsotsa mu huɗu,
da bayan a-kori-kura da muka cika da waƙa
har ɗan sanda ya yi mana rawa a mahaɗa.
Kifi ba ya rungumar mutum.
Na sani.

Ɗazu Ila ya bugo:
"Sabon golanmu ya gurɗe a hannu,
ƙarfe huɗu za a take, don Allah ka zo."
Na ce masa ina da baƙo.
Ya ce wane ne?
Na dubi guntun silifa, ya ɗan girgiza,
ya tsaya,
ya sake girgiza.
Na ce, "Bai faɗi sunansa ba tukuna,"
na kife wayar bisa dutse.

Safar hannuna dai tana cikin jaka.
Tun jiya na saka ta,
ban san dalili ba.