Kwalbar Wake

Ƙarfe shida na safe, filin firamare a Gangare,
sanyin Jos na cizon kunne kamar mai bin bashi.
Ni ne na ɗari da sha bakwai a layi.
Gabana Chundung mai tumatir a Faringada,
bayana Tanimu mai gyaran rediyo
yana lissafin cinikin da zai wuce shi yau.

Wani yaro mai jaka ya matso, ya rage murya:
"Baba, dubu biyar ce da taliya biyu.
Ka dangwala kawai, ka ɗaga in gani."
Na buɗe baki, sai ta faɗo mini a rai.

Malama Anastin.
Sunanta ya fi ƙarfin harshenmu, muka lanƙwasa shi.
Baƙa ce kamar gwaggona, Hausarta a karye,
daga Misisifi ta zo koya mana lissafi
shekarar da fam ya ba naira wuri.
Tana son gwate, tana dariya da ka.
Ranar da karen maigadi ya leƙo aji
allin hannunta ya faɗi, ya rabu uku.

Bayan an kore shi ta zauna, ta ja safa ƙasa.
Tabo ne a ƙwauri, sawun haƙora a jere.

Ta ce ubanta manomin auduga ne a gonar wani.
Ya goge kwat ɗinsa guda, ya tafi a rubuta sunansa.
Akawu ya ajiye kwalba cike da wake:
"Ƙwaya nawa ce ciki? Faɗa, sai ka yi zaɓe."
Sau uku yana zuwa, sau uku wake na kayar da shi.
A na huɗu mai gona ya watso musu kaya titi.

Ita kuma tana da sha tara suka fito,
hannu cikin hannu, ba sanda, ba dutse.
Aka sakar musu ruwan kashe gobara,
aka saki karnuka.
Ta ce, "Muna waƙa ne don kada mu gudu."

Tsohon yana da sittin da ɗaya ya jefa ta farko.
Ya dawo, ya zauna bakin ƙofa da hularsa a gwiwa,
har magariba bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Yau an ƙirga da ni."

Mu yara muka ƙyalƙyale.
Duk wannan a kan 'yar takarda?
Ba ta yi fushi ba. Ta ja safarta,
ta ɗauki guntun alli mafi tsawo.

Bara Ladidina ta je sakatariya neman takardar asali,
aka tambaye ta inda aka binne cibiyar kakan kakanta.
Ta dawo da fayil ɗinta yadda ta tafi da shi.
Na ce a raina, ashe kwalbar ta iya ƙetare teku,
waken kawai aka sauya.

Ba zan yi ƙarya ba, Malama:
na sha zaɓen ɓarayi da wannan yatsa.
Famfon layinmu ya shekara tara bai yi tari ba.
Tanimu ya karɓi taliyar, ban ga laifinsa ba,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na dai ce wa yaron, "Wuce, ɗana."

Azahar ta gota kafin layi ya kawo ni.
Na'ura ta ƙi yatsana, wankin kuza ya cinye zanensa.
Yarinyar ta goge shi da gefen mayafinta.
Ta ƙi.
Na hura masa iska, na ce bismillah.
A na uku ta yi ƙara.

Ban san inda kabarinki yake ba,
ko can cikin audugar, ko wani birni mai ƙanƙara.
Ga ni dai ina saukowa ta Dilimi,
tawada a babban yatsa,
na ƙi sa hannun a aljihu duk da sanyi.