Takardar Naɗe Tsire

A bakin babban filin wasa na Surulere nake da tukuba,
shekara goma sha tara, ni da hayaƙi da ƙuli.
Takarda kilo-kilo nake saye gun Sallau na Oyingbo.
Ran nan ya haɗo mini da littafi marar bango,
ruwa ya lashi gefensa, gara ta yi masa zane.
Turancina na ɗan aji uku ne, amma yana ɗaukar kaya.
Na ce kafin nama ya shiga,
bari in ga gidan da zan sauke shi.

Ashe Girkawa ne.
Wai can a wani kwari, Olimfiya,
duk shekara huɗu, rana na tsaka da cizo,
sai a tashi 'yan aike gari-gari:
a ba matafiya hanya,
mai mashi ya kau da kai, masu gudu za su wuce.
Na ɗaga ido wajen Ojuwalegba,
kwandastoci biyu sun shaƙe juna kan naira ɗari.
Ina ɗan aiken nan ya maƙale?

Wai tsirara suke gudu, Allah ya tsare mu,
a shafe jiki da man zaitun, ƙura ta bi ta manne.
Mai, sannan gari:
haka ni ma nake yi wa nama,
sai dai nawa bai taɓa tashi ya ruga ba.

Na farkon da aka rubuta ya ci tsere,
wai mai dafa abinci ne.
Na jawo fitila, na sake bi da yatsa.
Mutumin wuta, ɗan'uwana!
Ido jajir, hannu duk tabon ƙuna,
ya ajiye wuƙa, ya taka layi,
tsawon fili ɗaya kawai,
ga shi har yau bai gama isowa ba.

Ladan mai nasara? Ganyen zaitun a ka.
Iya Mulika mai lemo ta yi dariya har da tari:
"Ganye? Ko miya ba ya yi!"
Ban tanka ba. Na tuna Malumfashi,
ƙafa ba takalmi, ƙaya a dunduniya,
na wuce yara bakwai, aka ba ni bokitin roba.
Inna ta ɗebi ruwa da shi har ya tsage,
ta ɗinke, ta zuba gero,
ba ta yarda an kira shi bokiti ba. Kofin Jatau.

Wanda ya yi maguɗi, tara ake cinsa,
a narka tagulla da kuɗin, a ƙera gunki,
a kafa a hanyar shiga, kowa ya karanta kunyarsa.
Da a nan ne,
da layin ya kai Ikorodu, tagulla ta yi tsada.

Ina cikin kokawa da dambe da tseren keken doki
wani mai jar hula ya ce ƙoda ta dubu biyu.
Shafi huɗu suka tafi da yaji.
Abin da ke cikinsu, sai ku tambayi kwata.

Na ƙarshe dai ya tsira:
wani sarki ya hana, ƙasa ta girgiza,
kogi ya kwaso yashi ya rufe filin ruf.
Na juya na dubi namu,
kujeru sun yi wawulo, ciyawa ta hau bene.

Amma da asuba, ina kwashe toka,
akwai yarinyar nan Abike, 'yar mai gyaran taya,
tana hawa matakala tana sauka, tana hawa,
babu alƙali, babu mai tafi.
Yau da ta tsaya tana haki gaban tukuba
na ɓare ganyen kabeji mafi faɗi
na ɗora mata a ka.

Ta ce, "Baba, lafiya?"
Na ce, "Tsohon bashi ne, karɓi kawai."
Ta cire, ta duba,
ta cinye, ta koma gudu.