Ƙugiya

Kafin a idar da asuba a Talata Mafara
na riga na ja guga bakwai.
Yakuwa ta sha, alayyafo ya sha,
tumatirin da na dasa ranar Lahadi
yana nan sunkuye kamar yaron da aka yi wa faɗa.
Na ce masa, daure, ni ma dashe ce a gidan nan.

Mudassir ya ɓatar da takalmi ɗaya,
Lauratu na neman kuɗin littafin lissafi,
kunu ya yi kauri, an manta tsamiya.
Maigida ya tada babur ya nufi shinkafarsa a Bakolori,
ya bar mini sallahu uku
da hular da ke son wanki.

Da hantsi ɗan aike ya zo daga tasha da ƙunshi:
gwajin bugu daga Gusau,
shafi ɗari da sittin,
dararen shekara huɗu an ɗaure su da roba.
Sai da na wanke hannu sau biyu na taɓa.

Kai, Sahabi mai injin bugu!
Na'urarka ta lashe mini ƙugiyoyi.
Matafiyin da ƙishi ya dama
ga shi nan yana fama da kishi.
Baƙin da suka cika zaure duk sun zama baki.
Ƙasar da na yi wa kirari shafi biyu
ta koma kasa, tana huci a cikin ciyawa.

Na kira shi, injin na ruri a bayansa.
Ya ce, “Malama, mi na ne abin damuwa?
Mai karatu shina ganewa.”
Na ce, ranar da guga ya faɗa rijiya
za ka san kuɗin ƙugiya.
Ya yi dariya. Katina ya ƙare.

Na shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba,
jan biro a hannu, tukunya a gefen ido.
Ina lanƙwasa kan baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya
kamar mai kafa wa tumatir sanda.
Ɗari da goma sha biyu, wake ya fara kamawa.
Na tashi na ƙara ruwa, na dawo,
akuyar Hassatu ta shigo ta ɓarakar darni
ta cinye shafi na arba'in da uku,
wanda na fi wahala a kansa,
ta haɗa da kan alayyafo biyu.
Ko gyatsa ba ta yi ba.

Inna Kulu na ɓarar gyaɗa a inuwa,
ba ta ɗago ba ta ce,
“Ita dai ta karanta.
Wanga aiki naki, ana miya da shi?”
Na ce a'a, Inna.
Ta ce, “To ki lura da wanda aka yi da shi.”
Ta turo mini gyaɗa cikin tafi.

La'asar sakaliya igiya ta tsinke.
Muka ji guga ya ce fanjam, can ƙasa.
Na tsaya bakin rijiya ina dariya ni kaɗai
har Lauratu ta tsorata.
Mudassir ya ruga aro gidan Hassatu,
gidan akuyar,
ya dawo da ƙarfe mai yatsu uku, duk tsatsa.
Sau tara muna lalube kafin ya kama.

Yanzu an ɗauke wuta, yara sun yi barci,
hular tana ɗiga a kan igiya.
Ina shafi na casa'in da tocila a haƙora.
Shafin da akuya ta ci na sake shi daga ka,
ya fito gajere, ya fi na da.
Na leƙa lambu kafin in rufe ƙofa:
tumatirin ya ɗan ɗago,
ba duka ba, ganye biyu.
Saura shafi saba'in, da sallahu ɗaya da na manta.